Kwamfuta Mai Nauyi

Ka gan ta. Kada ma ka fara cewa ba ka gan ta ba. Ka bi ta kan gadar kanal a kan babur ɗinka, Muhsina tana hawowa daga kududdufi da jarka a ka, hijabinta ya jiƙe har gwiwa. Ka rage gudu saboda ramin bakin gadar, ka dube ta, ka tuna ai an ce yarinyar nan tana kwaleji a Zariya. Sai ka murɗa totur ka wuce, ka ce a ranka wannan harkar gidansu ce. To, zauna ka ji yadda aka yi ta koma ɗaukar jarka, don da hannunka a ciki.

Gonar gidansu ita ce ta ƙarshe a ƙaramin kanal ɗin da ya ratsa ƙauyenmu, tsakanin Kura da Bunkure. Tsarin ruwan kowa ya san shi: ana farawa daga gonakin sama, kowane layi da ranarsa, 'yan ƙarshe kuma Laraba ce tasu. A da, kafin a shiga noman rani, a masallaci ake shelar gayya, a fito da lauje da shebur a sare kacalla, a kwashe laka, ruwa ya samu hanya har ƙasa. Mun daina. Mutanen sama ba ruwansu, tunda ta bakin gonarsu ruwan yake bi. Na ƙasa kuwa duk wanda ya samu hali ya sayi injin ban ruwa ya huta da roƙo. Haka Yusha'u, yayan Muhsina, ya yi bayan rasuwar mahaifinsu. Da injinsa yake zuƙo ruwa daga kududdufin bayan gona, da shi yake ciyar da mahaifiyarsu Inna Luba, da shi ya kai ƙanwarsa ƙarshen sakandare.

Yusha'u ya san inji. In zai saya wa wani, ɗaga shi yake fara yi, in hannunsa bai ji jiki ba ya ajiye ya wuce gaba. In ya ji nauyi sai ya ce a tayar, ya kasa kunne. A wurinsa inji mara nauyi gwangwani ne, wanda ba ya ƙara kuma ba shi da ƙarfi. Bai taɓa zaɓa wa kowa inji ya ba shi kunya ba.

Muhsina ta samu gurbin karatun kimiyyar kwamfuta. A makarantar da ta gama, kwamfuta ɗaya ce, tana ofis an lulluɓe ta da zane, ana buɗe ta in baƙi sun zo. A allo aka koya musu ita, da alli, kuma a haka yarinyar nan ta ci jarrabawa. Kwalejin ta ce kowane ɗalibin sashen ya zo da tasa.

"A bari mana a cire albasa," in ji Inna Luba.

"Inna, yanzu fa aka yi dashe," in ji Yusha'u. "Kafin a cire, 'yan ajinsu sun yi nisa."

Da la'asar ya hau sama wurin Kawu Iliyasu, wan Inna Luba, wanda gonarsa take kusa da inda ruwa yake shigowa, kuma maganarsa ake ji a layin sama. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya faɗi abin da ya kawo shi. Zai sayar da inji. Bana ruwan kanal zai dogara da shi, in za a bar masa Larabarsa.

"Haba ɗana, wannan har sai ka tako?" in ji Kawu. "Laraba ai taku ce tun kakanninku. Ka je ka saya wa 'yata na'urarta. Gobe in ta zama babba ai mu za mu ci."

Washegari wani mutumin Garun Mallam ya ɗaure injin a bayan babur ya tafi da shi. Da Muhsina ta ga wurin da yake zama a zaure babu komai sai tabon baƙin mai, Yusha'u ya ce mata ya kai gyara. Kuɗin kwamfuta kuma, ya ce, adashinsa ne ya fito. Inna Luba tana tankaɗe, ba ta ɗago kai ba.

Ranar Asabar suka shiga birni su biyu. Kasuwar wayoyi cike take, ko'ina janareto na ruri, samari na jan rigar mutane. Sabuwa dai ko tambaya ba su yi ba bayan shagon farko, inda aka faɗi kuɗi Yusha'u ya yi dariya yana zaton wasa ake. Suka gangara layin 'yan gwanjo, suka shiga shagon wani saurayi mai suna Zaharaddini. Ya tambayi abin da suka riƙo, ya sauko da guda biyu ya ɗora a kan gilashi. Ɗaya siririya ce, ruwan toka, murfinta da 'yar tsaga a gefe. Ɗayar baƙa ce, mai kauri, da faɗin faranti.

Muhsina ta kai hannu kan siririyar. "Yaya, irin wannan na gani a hannun wata da muka je rajista."

Yusha'u ya ɗaga ta da hannu ɗaya, ya juya ta, ya taɓe baki. "Wannan ai faifai ce, Auta. Iska ta taso sai ki bi ta da gudu." Ya ajiye, ya ɗauki baƙar. Sai da ya sa hannu biyu. Fuskarsa ta saki. "Yauwa. Ga kaya."

"Yallaɓai ya san abu," in ji Zaharaddini.

"Tayar min da su in ji."

Zaharaddini ya danna siririyar, ta kawo haske shiru. Baƙar kuwa sai da ya jona mata waya a bango. Ta yi ɗan jim, sannan fankar cikinta ta ɗauka, fuuu, har da ɗumi yana fitowa ta gefe. Yusha'u ya sunkuya ya kara kunne, kamar yadda yake yi a bakin kududdufi.

"Kin ji? Wannan da rai a jikinta. Waccan ko numfashi ba ta yi."

"Yaya, ba injin ban ruwa ba ne fa."

"Inji inji ne, 'yar boko. Ke kin san na allo, ni na san na hannu."

Muhsina ta tuna wata ta ce mata ta tambayi batir. Ta tambaya, muryarta ƙasa-ƙasa. Zaharaddini ya sosa ƙeya. "Batirin dai sai a hankali, ƙanwata, kin san gwanjo. Amma in tana jone, ai doki ce."

"To ba da wuta a makarantar ba?" in ji Yusha'u. "Birni ne fa, ba ƙauyenmu ba."

Ga abin da yake ci mini rai har yau: siririyar ta fi araha. Zaharaddini da kansa ya faɗa, wai saboda tsagar murfi. Jin haka ne ma ya ƙarasa kashe ta a idon Yusha'u.

"Mai arahar zan saya miki? Bayan na sayar da..." Ya tsaya, ya yi tari. "Bayan na jira adashi shekara guda? A'a. Sa mana babbar a jaka."

Muhsina ta buɗe baki, ta dubi hannun yayanta da yake zaro kuɗi daga aljihun ciki, duk faso da tabon mai, ta rufe bakinta. Ba a yi mata tarbiyyar musu da shi a gaban baƙo ba, ita ma kuma ba ta da tabbacin abin da take zato. A adaidaita sahu ya karɓi jakar ya rungume a cinya, yana ta murmushi.

"Auta, in kin gama da ita, jikokinki ma sai sun gada."

"In ba ta karya min kafaɗa ba kafin nan."

"Ki dinga cin tuwo da yawa."

Ranar tafiyarta makaranta ya kai ta bakin titin Garun Mallam ya sa ta a mota. Sai da ya ja wa kwandasta kunne kada a ɗora komai a kan jakar.

A Zariya ɗakin haya suka kama su huɗu, ita da wasu ɗalibai mata, a bayan kwalejin. Wuta takan zo in ta ga dama, ta ɗan jima, ta tafi. In ta zo, 'yan ɗakin sukan cika kwamfutocinsu su yi ta aiki har bayan an ɗauke. Ta Muhsina kuwa ana ɗauke wuta take mutuwa, ɗif, da duk abin da ta rubuta. A aji soket biyu ne a jikin bango, sai ta riga kowa zuwa ta zauna a gindin ɗaya. In ta kunna, fankar ta ɗauki ruri, samarin baya su ce a matsa ga injin markaɗe ya iso. Tana dariya tare da su. In ta koma ɗaki ta shafa man zafi a kafaɗa.

Duk Juma'a Yusha'u yana kira.

"Ya injin naki?"

"Lafiya lau, Yaya. Kowa sai ya tanka ta."

"Ban faɗa miki ba? Ni da na san kaya."

"Ya albasa?"

"Albasa sai godiya. Ki yi karatunki kawai."

Larabar farko ruwa ya iso, siriri kamar an zubar da buta, ya jiƙa rabin gona. Ta biyu bai iso ba. Yusha'u ya bi kanal da ƙafa ya hau sama. Kacalla ta cushe tsakiya ta fi mutum tsawo, ɗan abin da ya tsallake ta kuma ya tarar an tare shi da buhunan ƙasa a bakin gonar Kawu Iliyasu, an juya shi cikin tumatir.

"Yau ɗaya dai, ɗana," in ji Kawu. "Tumatir ɗin yana fure, ka san ba ya son wasa. Mako mai zuwa har da ribar yau za ka samu."

Mako mai zuwa maƙocin Kawu ne ya tare, ya ce ai jiya bai ƙoshi ba. Na gaba kuma wani. Yusha'u ya ɗauki lauje ya shiga kacalla shi kaɗai, ya yini yana sara, ganyen ya yayyanka masa hannu, bai ci ko tsawon gona ɗaya ba. Mutane suna wucewa ta kan gaɓa suna ce masa sannu da aiki. Ya yi hayar inji sau biyu, kuɗin haya da na fetur suka cinye abin da zai aika wa Muhsina na abinci, sai ya daina. Ya roƙi aro. Kowa injinsa yana kan aiki, ko ya ɗan samu matsala, ko ɗansa ya fita da shi. Mu ne fa. Mu da muke cika sahu ɗaya da shi a masallaci, mu ce Allah ya kawo sauƙi, mu shafa, mu tashi.

Inna Luba ta je gidan wanta da kanta. Ya sa aka kawo mata fura, ya tambayi lafiyar 'yar makaranta, ya ce ruwa ai na Allah ne, bana ne kawai aka yi ƙarancinsa. Ta dawo da damin rake da ya ba ta.

Sai Yusha'u ya koma jarka. Daga kududdufi zuwa gona, hawa ne, ya juye a gindin albasa ya koma. Wanda ya taɓa ba gonar albasa ruwa da jarka ya san ba a gamawa. Kafin ka kai ƙarshen layi, farkonsa ya bushe.

A can Zariya aka sanar da jarrabawar ƙarshen zango, aka ce wani ɓangare kowa a kan kwamfutarsa zai yi. Muhsina ta ɗauki tata ta kai wa mai gyara. Ya juya ta, ya karanta bayanta, ya yi 'yar dariya. Ya ce wannan ta girmi wasu 'yan ajinsu, batirinta an daina kawowa tuntuni, ƙarar da take yi kuma tsufa ne da ƙura. Ya ce ta mayar wa wanda ya sayar, ko zai tausaya ya canja mata. Ta rasa yadda za ta faɗa wa yayanta a waya. Ta ce gara ta je gida ta lallaɓa shi su koma shagon tare. Ba ta gaya wa kowa tana tafe ba.

Da hantsi ta sauka. Zaure babu inji, tabon man ma ya dushe. Inna Luba ta gan ta, ta miƙe, ta koma ta zauna.

"Inna, har yanzu injin yana wurin gyara?"

Inna Luba ta dubi ƙasa. "Je ki gona. Yana can."

Ko jakar ba ta sauke ba. Tun daga nesa ta ga gonakin sama kore shar, ruwa yana kwance a tsakanin kunyoyi har yana malala kan hanya. Tana gangarowa kore yana raguwa. Tasu ta same ta lawashin ya kwanta, bakinsa ya ƙone, ƙasa ta tsattsage. Layuka kaɗan ne na kusa da kududdufi suke tsaye. Ga Yusha'u yana hawowa da jarka biyu, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya gan ta ya tsaya. Ruwa yana zuba a ƙafarsa bai sani ba.

"Auta? An yi hutu ne?"

"Ina injin, Yaya?"

"Na ce miki yana..."

"Yaya, don girman Allah."

Ya ajiye jarkokin. Ya dubi jakar da take rataye a kafaɗarta. Ita ma ta bi idonsa ta dube ta. Sai ta sauke ta a hankali a kan busasshiyar kunya, ta zauna kusa da ita, ta ja hijabi ta rufe fuska.

"Kukan me kike yi? Bana ce kawai. In kin gama kin samu aiki, ki saya min guda biyu."

"Ba ta riƙe wuta," ta ce daga cikin hijabin. "Tun ranar farko. Ana ɗauke wuta take mutuwa. Mai gyara ya ce ta tsufa, ba a samun batirinta."

Yusha'u ya tsuguna ya zuge jakar, ya goge hannunsa a riga, ya fito da kwamfutar. Ya ɗaga ta da hannu biyu yana jin nauyinta, ya sauke, ya sake ɗagawa.

"Duk wannan nauyin," ya ce. "To me ke cikinta?"

Washegari ta shiga birni ita kaɗai, ba don a canja mata ba. Sayarwa ta je yi, a dawo da inji. Zaharaddini ya gane ta. Ya ce shi bai ɓoye komai ba, ya faɗi maganar batir a gaban yayanta, kuma gaskiya ne ya faɗa. Siririyar an saye ta tun a makon. Abin da ya taya baƙar ko tiyon inji ba zai saya ba. Ta zaga shaguna, wasu ko buɗe jakar ba su bari ta yi ba, daga jin nauyinta suke girgiza kai. Ta dawo da ita gida a kafaɗa.

Tun ranar ba ta koma Zariya ba. Yusha'u ya yi faɗa, ya yi lallashi, har ya rantse ba zai ƙara cin abincin da ta dafa ba. Ta ce masa albasar nan ita ce abincin Inna, ita ce kuɗin zango na gaba. In ta mutu duka, ko ta yi jarrabawar ba mai mayar da ita. In ta tafi kuma ta bar shi da jarka shi kaɗai, gawarsa za a kira ta ta zo gani.

"Ke fa ba a jarka aka haife ki ba," ya ce.

"Kai a jarka aka haife ka?"

Kullum da safe yakan ɗauko jakar ya ajiye a bakin zaure, ya ɗora takalmanta a kai. Ita kuma ta fito ta mayar da ita ɗaki, ta ɗauki gammo. A haka ka gan ta a kan gada.

Ranar Litinin ta sama za a fara jarrabawar. In ba ta zauna ba, shekarar ta tafi, kuma ka san a gidan nan shekarar da ta tafi ba ta da ta biyu. Kwamfutar, da duk tsufanta, tana aiki in an jona ta. Muhsina ta iya sammako ta kama gindin soket, ta saba. Abin da ya riƙe ta ruwa ne, ruwan da yake nasu, wanda yake malala a kan hanya a layin sama kana taka shi da tayar babur. Layukan da suka rage za su tashi in sun sha sosai sau biyu, kowane manomi a nan ya sani.

Saboda haka kada ka ce mini Allah sarki. Ranar Talata bayan sallar asuba ka ɗauko laujenka ka same mu a gadar, za mu shiga kacallar nan mu fitar da ita. In kana da inji, ka ɗaure shi a babur ka kai gonar Yusha'u yau, da fetur a cikinsa. In kai ɗan layin sama ne, ka janye buhunanka da hannunka kafin wani ya janye maka. In kuma kana cikin masu zaman hira da Kawu Iliyasu a gindin mangwaro, ka dube shi ka ce masa Laraba ba tasa ba ce, ka faɗa da ƙarfi yadda na kusa za su ji. Ruwan nan ya isa gonar ƙarshe ranar Laraba, Muhsina ta hau mota ranar Alhamis. Tashi ka nemo laujen.